Kilomita 24 cikin 1,000: yadda wani ma'aikaci a Sakkwato ya zaɓi a-kori-kura ta ofis da fadama

Asalin lamarin: kafin Nuwamba 2021

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin gwamnati ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mazaunin Arkilla a birnin Sakkwato, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Daga gidansa zuwa ofis kilomita 9 ne, duk kwalta. Yana da gonar gado a fadamar Gulbin Rima, yamma da gari, bayan Wamakko. Da damina shinkafa ake yi, da rani albasa da ɗan tattasai, kuma ranar Asabar can yake wuni. Wata Lahadin kuma shi da abokansa sukan fita zaga wuraren tarihi, kamar Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ko su miƙa har Argungu su ci kifi su dawo. Sun daɗe suna maganar zuwa kufan Surame, tsohon birnin Kanta da ke ƙasar Binji, amma babu mai motar da zai yarda ya sa ta daji.

Hanyar gonar kilomita 34 ce, kuma kashi uku ta rabu. Kilomita 26 na farko kwalta ce. Daga nan sai burji mai gargada na kilomita 5, har ƙauyen da masu yi masa aiki suke zaune. Sauran kilomita 3 su ne matsalar. Rabinsu jigawa ce mai zurfin rairayi, wadda amalanke da raƙuma suka tone, rabi kuma baƙar lakar fadama ce, mai tsattsagewa da rani, mai riƙe duk abin da ya taka ta da damina. Ruwan Sakkwato daga Yuni zuwa Satumba yake sauka, mafi yawansa a Agusta, kuma wanda ke kwanciya a fadama ba na sama kaɗai ba ne, har da wanda gulbi ke kawowa daga gabas idan an saki na madatsar Goronyo.

Ƙaramar mota yake da ita a lokacin. Yakan ajiye ta a ƙauye ya hau kabu-kabu ya ƙarasa. Taki da iri da injin ban-ruwa sai an nemi amalanke. Lokacin cire albasa kuwa sai ya yi hayar wata tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura, wadda mai ita ke zuwa ranar da ya ga dama. Abin da yake nema shi ne mota ɗaya tak: ta kai yara makaranta, ta kai shi ofis Litinin zuwa Juma'a, ta kai shi bakin gona a kowane wata na shekara, ta kuma ɗauko buhu takwas zuwa goma na albasa.

Nuwamba 2021 zuwa Fabrairu 2022: neman mota

Ya haɗa kuɗin ne daga sayar da ƙaramar motar, da ribar albasar bara, da rancen ƙungiyar ma'aikata. Sabuwar mota ba ta cikin lissafi. Zaɓi biyu suka rage: 'yar Beljiyam, ko wadda aka riga aka mora a gida. An kawo masa tayin wata mai sauƙin kuɗi da ta shigo ta wajen Illela, ya ƙi, domin tun daga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma bai ga takardun kwastam da za su kwantar masa da hankali ba.

Hilux ya fara nema, kamar kowa. Duk wadda kuɗinsa suka kai gare ta sai ya tarar ta sha wuya: kujeru sun yage, bodi ya lotse, iyakwandishan ya mutu. Ana cikin haka wani dillali ya kawo masa Toyota Tacoma ƙirar 2008, shigowar Amurka, mai ƙofa huɗu, injin V6 mai lita 4.0, giya otomatik. Doguwa ce, tana sheƙi, an rubuta TRD Off Road a gefen bayanta, kuma kusa da sitiyari akwai wani maɓalli mai rubutun RR DIFF LOCK. Dillalin ya nuna masa shi ya ce, "Alhaji, in ka danna wanga, ko cikin gulbi kake tana hita."

An yi gwaji da yamma, a kan kwalta, cikin gari. Bakaniken da ya tafi da shi, wanda ya saba gyara masa ƙaramar mota, ya saurari inji, ya duba baƙin mai da lagireto, ya ji shigar giya, ya ce lafiya lau. Ba wanda ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta. An biya kuɗi a tsakiyar Fabrairu 2022.

Maris zuwa Yuni 2022: watannin farko

A cikin gari motar ba ta da abin kushewa. Watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura maki 40, ita kuwa sanyinta na ratsa har kujerar baya, kuma inji mai ƙarfin doki 236 ba ya jin nauyin iyakwandishan. Ya riƙa rubuta man da yake sha: kimanin lita 15 a kowane kilomita 100. Farashin fetur na hukuma bai kai naira 200 ba a lokacin, don haka abin da ke damunsa layin gidan mai ne, ba kuɗin ba.

A jigawa, karo na farko da tayun baya suka soma tono, ya danna maɓallin, ya ja da baya, ya sake tahowa da gudu, ya wuce. Ya ɗauka maganar dillali ta tabbata. Ya dai lura da abu guda: idan bayan motar babu kaya ta fi saurin kafewa, idan kuma ya ɗora buhunan taki sai ta ratsa rairayin cikin sauƙi. Bai tsaya neman dalili ba.

Yuli 2022: sauya tayu

Da ruwa ya fara zama, motar ta soma sulɓi a bakin laka. Abokai suka ce taya ce. Ya cire waɗanda suka zo da ita, masu lamba 265/70R16, ya sa manyan tayun taɓo masu ƙuraje, 285/75R16, na hannu.

Ga abin da aka samu a aune. Tsohuwar tayar tsayinta kusan milimita 777 ne, sabuwar kuwa 834. Bambancin milimita 57 ne, kuma rabinsa kaɗai ke ɗaga aksul, ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, daga ƙasa, wato bai cika santimita 3 ba. A madadin wannan ɗan tsawo, tayun gaba suka riƙa gugar bodi duk lokacin da aka karya sitiyari gaba ɗaya, ƙara ta cika motar a kan kwalta, birki ya ƙara tsawon tsayawa, agogon gudu ya koma nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 7 cikin 100. Shan mai ya tashi zuwa lita 17. A mako na uku taya ɗaya ta fashe a hanyar Wamakko da tsakar rana, Allah ya kiyaye ba gudu yake yi ba. Mai facin da ya sauya ta shi ne ya nuna masa lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ta 2014 ce. Shekararta takwas.

Agusta 2022: kafewa a fadama

Daminar 2022 ta zo da ambaliyar da Nijeriya ba ta ga irinta ba tun 2012, kuma fadamar Rima ta samu rabonta. Wata Asabar a tsakiyar Agusta, bayan ruwan dare, ya iso ƙauyen da buhu huɗu na taki. Wani dattijo daga cikin masu kula da gonar ya ce masa, "Alhaji, in ruwa ya kwana bisa wagga laka ko raƙumi ba mu sawa. Bari rana ta buga ta kwana biyu." Ya ce ai motar an yi ta ne don haka.

Bai yi mita 200 cikin lakar ba tayun gaba suka nutse. Ya danna maɓalli, ya ba ta wuta, tayun baya suka yi ta juyi suna watsa taɓo har aksul ya zauna a ƙasa. Mutanen da suka taru suka gaya masa cewa na gaba ko motsi ba su yi. An gwada turi, an gwada kara da itace, an gwada bijimai biyu, ba ta gusa ba. Sai washegari aka samo tarakta ta fizgo ta, kuma wajen ja bamba ta karye, domin a nan aka ɗaura igiya.

Ranar Litinin ya kai ta wani gareji na masu gyaran manyan motoci. Maigidan garejin ya sa aka hau da ita kan rami, ya shiga da fitila, bai yi minti ɗaya ba ya kira shi.

"Yallaɓai, sauko ka gani da idonka. Wagga mota ba ta da ogzilari. Ina farfelar da ka zuwa gaba? Babu ta. Tayun baya kaɗai ka ja."

"To Malam, maɓallin fa?"

"Aksul ɗin baya shika kullewa, shi ke nan aikinai."

Ogzilari shi ne giyar da ke kai ƙarfin inji har tayun gaba don mota ta ja da ƙafa huɗu, farfela kuma sandar da ke isar da ƙarfin. Motar samfurin PreRunner ce. Kamfanin ya ƙera ta da tsawo da kamannin mai ja da ƙafa huɗu, amma da ƙafa biyu take ja, kuma haka take a rubuce a takardunta tun daga Amurka. Ba lalacewa ta yi ba, ba kuma a cire mata komai ba. A cikin kowane aksul akwai haƙoran da ke barin taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta gudu idan ana shan kwana. A kwalta wannan amfani ne. A taɓo kuwa ƙarfin inji yakan zurare zuwa tayar da ke sulɓi, ɗayar ta tsaya cik. Maɓallin yana kulle haƙoran ne domin tayun baya su juya tare, abin da ya fitar da shi daga jigawa ke nan. Amma idan duka biyun suna cikin laka, ga nauyin inji ya danne tayun gaba waɗanda ba sa ja, sai su zama turke. Nan ma aka gane dalilin da ya sa buhunan taki suke taimakonsa: nauyi suke ɗorawa a kan tayun da ke ja.

Satumba 2022 zuwa Afrilu 2023: ƙoƙarin gyara zaɓin

Ya fara tambayar ko za a iya sa mata ogzilari. Aka lissafa masa abin da za a sauya: akwatin giya, akwatin raba ƙarfi, farfelar gaba, aksul ɗin gaba da sandunansa, wayoyi da kwamfutar motar. Duk sai an yi odarsu daga Ladipo a Legas, kuma maigidan garejin ya ce shi bai taɓa yi ba, ba zai koya a kan motar mutum ba. An bar maganar.

Ya mayar da tayu masu lambar asali, sababbi. Ya ajiye buhu biyu na yashi a baya dindindin. Da rani wannan ya wadatar, ya riƙa isa gona ba matsala tun daga Nuwamba.

A Maris 2023 wata matsalar ta fito. Ya ɗora buhu goma na albasa, kowane kusan kilo 100. Tacoma mai ƙofa huɗu abin da aka ƙayyade mata bai wuce kilo 600 da 'yan kai ba, har da direba da fasinja, domin sifirin bayanta an yi shi da laushi ne saboda daɗin zama. A kan gargadar burji ganye ɗaya na sifirin ya karye, bayan motar ya zauna. Ba a samu irinsa a Sakkwato ba, ba a samu a Ƙofar Ruwa a Kano ba, sai daga Legas, kuma lokacin ne ake tsakiyar ƙarancin takardun naira, tura kuɗi ta waya ma sai an yi sa'a. Motar ta yi kusan mako uku a gareji. Albasar kuwa tsohuwar 504 ce ta kwashe ta.

A waɗannan makonni yayansa ya ara masa Hilux mai injin dizal na lita 2.5, mai ogzilari. Ta burge shi wajen jan kaya, kuma lita 9 take sha a kilomita 100. Sai dai dizal ba shi da tallafi, tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022 litarsa ta haura naira 700. Ko da an ƙaddara ta a 800, kilomita 100 naira 7,200 ke nan, alhali Tacoma mai zuƙar lita 15 naira 3,000 take ci. Yayan ya ƙara masa da gargaɗi: kada ya kuskura ya zuba mata man jarka. Injin dizal na zamani da matsanancin ƙarfi yake fesa mai ta ƙananan ƙofofi, ɗan ruwa ko ƙura sun isa su kashe nozul, kuma shi da kansa ya taɓa aika nasa Kano aka yi gyara mai tsada.

Ya kuma je ya ga wata Land Cruiser 79, wadda ake kira Buffalo. A daji babu kamarta, amma mai layin kujera ɗaya ce, farashinta ya ninka abin da yake da shi, kuma da ya zaga gari da ita ya ce ba za a kai yara makaranta a wannan ba.

Mayu zuwa Satumba 2023: lissafi

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, a Yuli ta haura 600. Lita 150 da yake sha a wata, waɗanda a da ba su wuce naira 30,000 ba, suka koma 90,000.

A nan ne ya fara zama da biro da takarda. Tafiyarsa ta wata kusan kilomita 1,000 ce. Cikin gari, da ofis da makaranta da kasuwa da zumunci, sun ɗauki fiye da 700. Gona sau huɗu, zuwa da dawowa, 272 ne: 208 kwalta, 40 burji, 24 rairayi da laka. Waɗannan 24 ɗin, waɗanda ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, su ne kaɗai ke buƙatar ƙafa huɗu, su ma ba duk shekara ba.

Matarsa ta ba da shawarar a sayar da Tacoma a koma ƙaramar mota, a ci gaba da kabu-kabu da amalanke kamar da. Lissafin kuɗi yana bayanta, kuma ya amsa haka. Abin da ya hana shi bi shi ne gonar ta girma: ya ƙara rijiyar burtsatse da injuna biyu, yana kai kaya kusan kowane mako, kuma hayar mota ita ma ta ninka tun da mai ya tashi. Daminar 2023 ya yi ta ne da ajiye Tacoma a ƙauye yana hawan babur, kamar bai taɓa sayen a-kori-kura ba.

Ya rubuta sharuɗɗa, ya ba maigidan garejin, ba dillali ba. Dole ta zama mai ogzilari, kuma a gan shi yana aiki. Ta iya ɗaukar kusan tan guda. Ya zamana ana samun kayan gyaranta a Sakkwato a rana ɗaya. Fetur, ba dizal ba: a ƙarshen 2023 dizal ya doshi naira 1,000, kuɗin tafiyar kilomita 100 ya kusa zuwa ɗaya tsakanin injunan biyu, sai tsoron nozul ya yanke hukunci. Kyan bodi bai shiga takardar ba.

Oktoba 2023: mota ta biyu

Faɗuwar darajar naira bayan Yuni 2023 ta ɗaga farashin motocin hannu, don haka ya sayar da Tacoma a kan kuɗin da suka fi waɗanda ya biya, ga wani ɗan kasuwa da ba ya barin kwalta, kuma ya gaya masa gaskiyar abin da take. Sai dai ita ma wadda zai saya ta tashi, dole ya yi ciko.

Wadda aka samu Hilux ce ƙirar 2012, fara, mai ƙofa huɗu, injin fetur na lita 2.7, giyar hannu, wadda wata ƙungiya ta yi gwanjonta. Fenti ya koɗe, murfin baya ya lotse. Wannan karon dubawa ta ɗauki wuni guda. An hau da ita rami aka ga akwatin raba ƙarfi da farfela biyu, aka bi shasi ana neman walda ko lanƙwasa, aka kwance mazubin man aksul biyu aka ga launinsa. Aka gwada lambar shasi da ta takardun kwastam da na gwanjo. Daga nan aka fita da ita bayan gari, aka shiga rairayi da gangan a giyar 2H, wato ƙafa biyu, har ta kafe, aka ja ƙaramin sandan zuwa 4L, ƙafa huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, mutum biyu suna tsaye a waje suna kallon tayun gaba. Ta fito a giya ta biyu ba tare da an ba ta wuta sosai ba.

Injin nata ƙarfin doki kusan 160 ne, ya yi ƙasa da na Tacoma nesa. Amma irinsa ne a cikin bas-bas ɗin Hiace masu fetur da ke jigila tsakanin Sakkwato da sauran garuruwa, saboda haka filogi da filta da famfon ruwa ba a nemansu da nisa, kuma yaron gareji ma ya san shi. An sauya mata kuloci, da shokoziba huɗu, aka cika iyakwandishan.

Nuwamba 2023 zuwa Nuwamba 2024: shekara guda da Hilux

Tayu ya fara saya, sababbi, masu lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, irin masu matsakaicin zane da ke tafiya a kwalta da daji. Sannan ya sayi ƙananan kaya: gejin auna iska, famfon da ake jonawa da batir, shebur, igiyar ja mai faɗi, da katako biyu masu kauri, ɗaya na ɗora jak. Duka kuɗinsu bai kai na taya ɗaya ba.

Gejin ne ya fi sauya tafiyar. A kwalta yana barin iskar taya a 30 zuwa 32 a ma'aunin gejin. Idan ya iso bakin jigawa sai ya tsaya ya sauke ta zuwa 18 ko 20. Taya mai ƙarancin iska takan baje, ta kwanta a kan rairayi da tsawo maimakon ta huda shi. Da haka, sau da yawa ko ogzilari bai sa ba yake wucewa. Sharaɗin shi ne tafiya a hankali, ba karya sitiyari da ƙarfi, kuma a mayar da iska kafin a hau kwalta, domin taya mai laushi a titin Sakkwato da rana zafi take tarawa har ta fashe. Aikin saukewa da mayarwa yana cin kusan minti 20 a kowace tafiya. Akwai Asabar ɗin da ya yi ƙyuya, ya kafe, ya yi awa guda yana shebur.

Ya koyi sa 4H, wato ƙafa huɗu mai gudu, kafin ya shiga wuri mai wuya, ba bayan ya kafe ba. Ya kuma koyi cire shi. Wata rana a Disamba ya manta ya hau kwalta da shi, da ya zo shataletale sai sitiyari ya yi tauri, tayu suna kuka. Irin wannan ogzilari yana ɗaure gaba da baya ne su yi gudu ɗaya, a ƙasa mai santsi tayu sukan zame su sauke matsin, a kwalta kuwa matsin a kan haƙoran giya yake taruwa. Sandan ya ƙi fita sai da ya ja da baya 'yan mitoci. Ba abin da ya karye.

Da hunturu ƙurar burji takan toshe filtar iska cikin makonni, sai ya riƙa kaɗe ta duk bayan dawowa daga gona. Da damina, duk lokacin da ya ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, yakan sa a duba man aksul. Sau ɗaya aka tarar na baya ya yi fari, alamar ruwa ya shiga, aka zubar aka sa sabo.

A Maris 2024 ta ɗauko buhu takwas a sawu ɗaya, a hankali, ba abin da ya same ta. Bai sake gwada goma ba. A Yuli da Agusta ya isa bakin gona a yawancin Asabar. Waɗanda bai isa ba, bai gwada ba ne: ruwa ya kwana a kan laka, ya sauka ya taka da ƙafa, ya ga tana haɗiye idon sawu, ya ajiye mota a ƙauye. Bai kafe a laka ko sau ɗaya ba.

A cikin gari kuwa an yi asara. Bayan Hilux yana tsalle idan babu kaya, yara suna ƙorafi, kuloci yana gajiyar da ƙafa a cunkoson kasuwa, kuma sanyinta bai kai na waccan ba. Shan mai lita 13 ne, wato lita 20 kacal ya rage a wata. Da fetur ya sake tashi a Satumba 2024, ya haura naira 1,000 a Oktoba, man wata ya koma 130,000, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar. Ya sayi babur. Yanzu da shi yake zuwa ofis kwana uku a mako, yara kuma suna bin motar maƙwabci ana raba kuɗin mai.

Yawon Lahadi ma ya ragu, ba don mota ba. Gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, tuni aka daina zuwa sai da dalili. Da sojoji suka sanar da ɓullar 'yan bindigar Lakurawa a Nuwamba 2024, waɗanda ake jin motsinsu wajen Tangaza da Gudu, maganar Surame ta tsaya. Farar Hilux kuma kama take da ta hukuma, abin da ba kowa ke so a ɗauke shi ba a daji. Ya cire ƙarfen da ke bayanta da doguwar eriyar da ƙungiyar ta bari, bai sa baƙin gilashi ba, kuma yakan baro gona kafin la'asar sakaliya.

Hukunci

Tacoma ba ta yi laifi ba. Abin da aka ƙera ta ta yi shi ta yi, kuma ga wanda ya saye ta daga baya ta fi Hilux ɗin dacewa. An saye ta ne da ido da kunne, aka gwada ta a kan hanyar da kowace mota za ta iya bi, aka kuma kai bakaniken da bai san abin da zai nema ba. Manyan tayun Yuli 2022 su ne kuɗin da suka fi tafiya a banza, domin an saye su kafin a san ciwon.

A ganina ogzilari bai cancanci duk yabon da mai motar ke ba shi ba. A jigawa, wato wata takwas ko tara na shekara, rage iska ne ya yi aikin, kuma da ya san haka a 2022 da Tacoma ma ta wuce ba yashi a bayanta. A laka ogzilari ya ƙara masa makonni, amma ranakun da suka fi muni shawarar dattijon nan ce ta hana shi kafewa, wadda kyauta aka ba shi tun farko. Inda Hilux ta yi fintinƙau ba tare da gardama ba wuri biyu ne: nauyin da take ɗauka, da kuma cewa ba ta taɓa kwana uku a gareji tana jiran kaya daga Legas ba.

Burin mota ɗaya ta yi aiki biyu kuwa bai cika ba. Ya cika a lokacin da lita take ƙasa da naira 200, ya rushe da ta haura 1,000. Wanda gonarsa ba ta kai a riƙa kai mata kaya kowane mako ba, ko wanda hanyarsa ta ƙare a burji, lissafin matar wannan mutum ya fi masa: ƙaramar mota, da hayar a-kori-kura ranar cire amfani. Shi nasa lissafin yana tsaye ne muddin albasa tana biyan man Asabar da tayu huɗu duk 'yan shekaru. A kakar 2024 ta biya.